Ruwan waakye a bututun Dabokpa

Jama'a, yau na bari aka yi wa tsohuwa faɗa a kan laifina!

Muna gyaran mahaɗar bututun ƙazanta a unguwar Dabokpa, ba tare da tona ƙasa ba. Ana jiƙa ƙyalle da gam, a tura shi ciki, a hura masa iska har ya daskare. Kafin nan ba a so ko ɗigon ruwa ya gangaro.

Masta, shugaban aikinmu, ya aike ni in sanar da gidajen layin. A gida na ƙarshe na tarar da Mma Sanatu mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi. Na ce, "Mma, kar a zubar da ruwa sai la'asar." Ta ce, "Nnaa." Na maimaita. "Nnaa." Na san Dagbanci kawai take ji, ta ɗauka gaishe ta nake, shi ya sa take amsawa da "Nnaa". Rana ta dake ni, na ƙi neman mai fassara, na tafi.

Da azahar muka tura kyamara cikin bututun. Jan ruwa ko'ina! Wani ya ce jini ne! Ashe ruwan waakye ne mai zafi. Ƙyallen ya yamutse, ya daskare a karkace.

Masta ya ce, "Sule, ka faɗa mata?"

Na ce, "Sau biyu."

Ya yi ta mata ihu a gaban masu sayen abincinta. Gobe kuma bakin ƙofarta za mu tona mu ciro ƙyallen.

Na gaji, ko abinci na kasa ci. Masta, na san kana cikin guruf ɗin nan. Ba ta gane abin da na faɗa mata ba, kuma na sani. Gobe ka ba ni digar, amma mu fara shiga wurinta mu ba ta haƙuri.