Sallamar da Rabi Ta Amsa

Wallahi abin da zan faɗa muku ni ya faru da ni, ba a bakin wani na ji ba. A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula ne, ina aikin jinya a asibitin koyarwa, na kama hayar wani ɗan gida a Tarauni ni da matata Rabi, aurenmu ko shekara bai yi ba. Ranar da muka tare da hannuna na rubuta BA SHIGA a ƙofar zaure, fentin ya zubo daga ƙasan harafin G ya ja wani dogon layi, Rabi ta yi ta yi mini dariya wai allura kawai na iya riƙewa.

Ni kuwa a lokacin mayen finafinan tsoro ne. Akwai wani mai hayar kaset a Gyadi-Gyadi da ya san halina, rannan na taso daga aiki ya miƙo mini wani ya ce, "Malam, wannan ba aljani ba fatalwa, ɓarayi ne kawai suka shiga gidan wata Baturiya, amma ka kalla ka gani." Na ce masa ina abin tsoro a ɓarawo, ai ƙofa mai ƙwari da sakata sun gama da shi.

Bayan azahar na saka kaset ɗin, rana tsaka, Rabi tana kicin a tsakar gida tana girki. Gaskiya na raina fim ɗin a banza. Matar tana bin ƙofofi tana kullewa, hankalinta kwance, alhali mutumin tuni yana ciki, ƙafafunsa sun leƙo ta ƙasan labule. Fim ɗin fatalwa kana kashe talabijin ya ƙare, wannan kuwa sai na tsinci kaina ina duba ƙasan labulen ɗakina.

Ana cikin haka hoton ya yi ƙaraf-ƙaraf, kamar an ɗauki wani abu a kan na asali. Da ya washe sai ga ƙofar wani zaure irin namu na Hausawa, da rana. Na matsa kusa. BA SHIGA, ga layin fentin nan ya zubo daga ƙasan G.

Sai muryar wata tsohuwa ta fito daga talabijin, a hankali: "Salamu alaikum." Can ta sake. Kun dai san yadda aka koya mana, sallama uku ce, in ba a amsa ba mutum ya juya. Na buɗe baki in ce wa Rabi kada ta tanka, harshena ya ƙi motsi. A ta ukun na ji muryarta daga kicin, da fara'arta: "Amin wa alaikumus salam. Shigo mana, Inna."

A cikin hoton ƙofar ta buɗe. Nan take aka ɗauke wuta, kuma na rantse da Allah na ji jan silifa daga zaurenmu zuwa tsakar gida.

Na fito da gudu, ba kowa sai Rabi tana shimfiɗa tabarma, ta ajiye kofin ruwa a gefe. Na ce wa kike yi wa shimfiɗa? Ta dube ni kamar na yi rashin kunya, ta ce, "Haba Malam, ba ka gaishe da Inna ba." Mahaifiyarta tana Ɗambatta da ranta da lafiyarta, tawa kuwa ta daɗe da rasuwa.

Washegari na mayar da kaset ɗin, mai shagon ya saka a gabana har ƙarshe. Babu zaure, babu tsohuwa, 'yan sanda ne suka zo suka kama ɓarayin.

Daga ranar kwano uku Rabi take zuba abinci. Tana hira ƙasa-ƙasa da tabarmar, tana ramewa a idona, ni da nake kula da marasa lafiyar wasu na rasa yadda zan yi da tawa. Likitoci suka auna ba su ga komai ba, aka yi ta rubutu da tofi. Na kwashe mu muka koma Hotoro, a motar kaya Rabi ta matsa jikina ta bar wuri kusa da taga. Wani dattijon malami a can ya ce mini, "Ɗana, wanda ya fasa ƙofa ana korarsa. Wanda aka ce masa shigo baƙo ne, sai ranar da ya ga dama."

Wata Juma'a da hantsi na ga Rabi ta naɗe tabarmar, ta ɗauko mayafinta, fuskarta wasai kamar da. Ta ce, "Inna za ta tafi, bari in ɗan taka mata." Daɗi ya kama ni har na ce ta gaida gida. Na ji jan silifan mutum biyu sun nufi zaure, ƙofa ta rufe.

Rabi ba ta dawo ba. Ba inda ba mu neme ta ba, asibitoci, ofisoshin 'yan sanda, cigiya a rediyo, har Ɗambatta. Masu shago a bakin layi suka ce ba su ga fitar kowa ba.

Don Allah ku amsa sallama, haƙƙi ne, amma kada bakinku ya riga idonku cewa shigo. Ni har yau ban sake aure ba, kuma wani lokaci da rana tsaka ina jin sallama a ƙofar zaure, muryar Rabi ce sak. Nakan toshe bakina da hannu har ta cika ukun, don ban san ko ita kaɗai ta dawo ba.