Kaset ɗin Tsohuwar Alela

Shekarun baya can, tun gemuna bai san furfura ba, ina da rumfar zana a gefen kasuwar Ƙonni inda nake rubuta wa mutane wasiƙa da ajami. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Karatun allo na yi a Tsarnawa wurin mahaifina, Allah ya jiƙansa, kuma Allah ya ba ni hannu mai kyau. Duk wanda ɗansa ya tafi neman abinci Ikko ko Kumasi, ko wadda mijinta ya daɗe a kurmi, wurina ake zuwa.

Lokacin soja ba su daɗe da karɓar mulki ba, ƙasa kuma tana fitowa daga fari mai tsanani. A shekarar ne abokina, wani direban kamiyo, babbar motar kaya mai zuwa kudu, ya kawo mini rakoda, wadda mu nan muke kira manyeto. Bijimin da na yi shekara biyu ina kiwo na sayar na saye ta. Mahaifiyata ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Sa guda ka ba da, ka amso akwatin da ba ya noma ba ya tashin taki?" Ranar da na fara jin muryata a ciki kuwa, na ɗauka wani ne yake kwaikwayona don ya ci mini fuska. Ashe ta hanci nake magana duk shekarun nan, ba wanda ya taɓa gaya mini, ni kuma ina ta rige-rigen kiran salla a masallacin unguwa.

Cikin wata biyu kasuwa ta buɗe mini. Mutum zai shigo ya faɗi saƙonsa da bakinsa, in naɗe kaset a takarda, in rubuta sunan mai shi da garinsa a baya, abokina ya tafi da shi. Amma na kafa wa kaina doka tun ranar farko. In mutum ya zauna, sai in danna maɓallan nan biyu, ja da baƙi, in saki labule in fita can nesa, in ciro tasbahata. Ba na dawowa sai ya yi tafi. Kuma ba na mayar da zaren kaset baya in saurara. Wasiƙa dole ce ta sa nake jin asirin mutane, don hannuna ne ke rubutawa. Da Allah ya kawo abin da zai sauke mini wannan kaya, ban ga dalilin sake ɗaukarsa ba.

Akwai wata tsohuwa daga Alela, ƙawar mahaifiyata ce tun suna 'yan mata. Ɗanta na fari ya yi shekara tara a Ikko bai leƙo gida ba, fushi ya yi ya tafi. Kun san al'adarmu ta da: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna masa so a gaban kowa. Tsohuwar nan kuwa ta riƙe kunyar nan da hannu biyu. Sau huɗu na rubuta mata wasiƙa zuwa gare shi, kullum abu ɗaya take cewa: "Ka ce ma wancan yaron ana gaishe shi. Ka ce mai, gero ya yi, ko bai yi ba." In ce, "Inna, shi ke nan?" Ta ce, "To mi kake so in ce?" Ko sau ɗaya bai ba da amsa ba, ni ma ban ga laifinsa ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi sai ga ta ta sauko daga amalanke. Ta tsaya bakin rumfa ta ce, "Ɗan nan, da gaske ne in mutum na magana da akwatin ga, fita kake?"

Na ce, "Da gaske ne, Inna."

"Shi kuma akwatin ba ya gaya ma kowa?"

"Sai wanda kika aika wa."

Na danna mata na fita. Mutane kan gama kafin in zagaye tasbaha sau biyu. Ita sai da na zagaye har na daina lissafi, rana ta iso tsaka, sannan na ji tafi. Da na shiga ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, idanunta sun yi ja. Ta kama hannun rigata ta ce, "Amana na ba ka. Kunne guda zai ji wannan, nashi. In wani ya ji, ni da fita tsakar gida a Alela har abada." Na ce na karɓa. Ta hau amalanke ta koma.

Bayan azahar, kafin abokina ya zo karɓar saƙo, jandarma biyu suka tsaya a bakin rumfata. Suka yi sallama da ladabi, suka ce ana nemana a buro, wato ofishinsu, ni da akwatina da duk kaset ɗin da aka yi ranar. Guda uku ne: na wani mahauci, na wani manomi daga Dogarawa, da na tsohuwa.

Wanda na tarar a buro ajidan ne, babban jandarman da aka kawo daga yamma, dogo, ba mai yawan magana ba. Hausarsa ba ta nuna ba, don haka akwai tafinta tsaye kusa da shi. Ina ganin tafintan na gane shi. Mutumin Alela ne, gidansu na kallon gidan tsohuwa, kuma kowa ya san abin da ya shiga kunnensa da safe ya kai bakin rijiya kafin la'asar. Ƙofa a buɗe take, masu jiran takardu na zaune a baranda.

Ajidan ya yi mini bayani, kuma in faɗi gaskiya, ba maganar banza ya yi ba. Ya ce an kama kaset a wani gari ana zagin gwamnati, an kama wani kuma ana shirya yadda za a ƙetarar da hatsin taimako a sayar a hayin iyaka, ga talakawa na kwana da yunwa. Saboda haka duk kaset da zai fita sai an saurara. In na yarda in riƙa kawo su kowace ranar kasuwa, zai ba ni takarda mai hatimi, ni kaɗai zan yi wannan sana'a a garin.

Ina so in ce muku nan take na miƙe na ƙi. Ƙarya ne. Tsoro na ji. Da kaina na nuna masa inda ake dannawa.

Aka sa na mahauci. Ashe ƙaninsa yake wa faɗa a kan wata bazawara da ya ji yana nema a Ikko, da kalmomin da ba zan maimaita ba. Jandarma suka fashe da dariya, mutanen baranda suka matso bakin ƙofa. Aka sa na manomi. Shi gaisuwa ya jera, gida gida, har da jaki, daga ƙarshe murya ta karye masa yana gaya wa wansa cewa iri ma sun cinye. Nan ba wanda ya yi dariya, amma kowa ya ji, har da masu neman 'yarsa da aure in suna wurin. Ni kuwa ban hana ba.

Ajidan ya miƙa hannu zai ɗauki na uku. Ban san lokacin da tafin hannuna ya sauka a kan kaset ɗin ba.

Tafinta ya ce, "Kai Malam, ka haukace? Ɗauke hannunka!"

Na ce, "Gaya mai wannan ba nawa ba ne. Akwatin nawa ne, zaren ma ni na saye shi, amma maganar da ke ciki ta wata tsohuwa ce zuwa ga ɗanta. Ba ni da ikon ba da abin da ba nawa ba."

Ajidan ya ce, "Mene ne a ciki?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe. Ban ji ba."

"Kai ka ɗauka, ba ka ji ba?" Ya dubi mutanensa, suka yi murmushi. Ya ce gwamnati uwa ce kuma uba ce, ba a ɓoye mata komai.

Na ce, "Haka ne. Gwamnati ta haƙa mana rijiya, ta kawo hatsi da fari ya zo, mun gode. In ta ce kaset ba zai ƙetare iyaka ba, hanya tata ce, sai ta rufe. Amma ko uban da ya haife ka sai ya yi sallama yake shiga ɗakinka, in ka ce kana shiri ya dakata. Allah da ya halicce mu ma ya hana mu tonon asirin juna. In ana zargin tsohuwar da wani abu, a kira ta a tambaye ta. In ba a zarginta, me ta yi za a kwance ta a gaban baranda?"

Tafinta ya tsaya yana kallona. Na lura ya gajarta maganar da ya juya ta, sai na ce, "Faɗa mai duka, har da barandar." Ajidan ya ɗaga masa hannu, ya ce da Hausarsa mai tsalle, "Na ji. Ni na ji."

Ya riƙa buga alƙalami a tebur. Can ya ce, "To, Malam, zaɓi ɗaya. A saurara, ka tafi da akwatinka da takarda. Ko ka ɗauki kaset ka mayar wa mai shi hannu da hannu, kada ya fita ta hannunka, akwati ya zauna nan." Ya jingina da kujera. Na ga a fuskarsa ya riga ya san abin da zan zaɓa, don ya ga yadda nake shafa akwatin nan da gefen riga tun shigowata.

Na dubi rakodar. Har ga Allah na dube ta sosai. Sannan na ɗauki kaset na jefa a aljihun gaba, na ce, "Na gode, ranka ya daɗe. A riƙa cire mata batir in ba a aiki da ita, yana zubar da ruwa." Wannan ita ce maganar jarumtaka da na iya yi a ƙarshe, shawarar batir. Na fito ta tsakiyar mutanen baranda, wani dattijo ya janye ƙafarsa ya ba ni hanya ya ce, "Sannu, Malam."

Washegari bayan sallar asuba na ari keke na nufi Alela. Na tarar da tsohuwa tana sussuka. Na durƙusa na ba ta kaset, na gaya mata duk yadda aka yi. Ta juya shi a hannu ta ce, "Ba wanda ya ji?"

"Ba wanda ya ji, Inna."

"Har da ɗan gidan can mai baki kamar ƙofar rumbu?"

"Har da shi. Amma sun ce ba zai fita ta hannuna ba, na kuma yi alkawari."

Ta ce, "Kai ka yi alkawari, ni ban yi ba." Ta ɗaure shi a bakin zani. Ranar kasuwa ta gaba ta bi ayarin mata masu kai ƙuli-ƙuli hayin iyaka, da ƙafarta, ta jira abokina a can ta danƙa masa. Da mahaifiyata ta tambaye ta ko ba ta ji tsoro ba, sai ta ce, "Wane ɗan jandarma ne zai ce ma sa'ar kakarsa ta kwance zani?"

Ɗan ya zo gida bayan girbi. Ban je tarbarsa ba, ban kuma tambayi kowa yadda suka gaisa ba. Na dai san ya sake wa ɗakinta rufi kafin ya koma, kuma da ajalinta ya zo bayan wasu shekaru, shi ya sa ta a kabari.

Akwatina bai dawo ba. Na koma ga alƙalami da tawada, abokan kasuwa suka sa mini suna mai manyeton gwamnati, suka yi shekara suna tsokanata. Mahauci da manomi kuwa na bi su har gida na roƙi gafara. Manomin ya yafe nan take. Mahaucin sai da ya yi wata uku yana auna mini ƙashi a madadin tsoka, kuma na ci ban yi ƙorafi ba, don da gaskiyarsa. Wannan shi ne abin da har yau yake sosa mini rai: da na buɗe baki tun a kaset na farko, da mutum uku na tsare, ba ɗaya ba.

Ban riƙe ajidan a zuciya ba. Aiki aka ba shi, kuma ɓarayin hatsin da yake nema da gaske akwai su. Abin da na gane dai shi ne, mai mulki ba ya sanin inda gonarsa ta ƙare sai ya tarar da mutum tsaye a kan iyaka. In bai tarar da kowa ba, gaba zai yi ta yi, ba don mugunta ba, don dai ba wanda ya ce masa nan ne. Wanda kuma mutane suke zuba maganarsu a cikin na'urarsa, ko ya so ko bai so ba, shi aka ajiye a wurin.

Yanzu na tsufa, na yi hajji, na aurar da 'ya'ya da jikoki, alhamdu lillahi. Amma in ana zancen abin da mutum zai nuna ranar tsayuwa, ba waɗannan ne suke fara zuwa mini ba. Abin da nake tunawa shi ne tafin hannuna a kan teburin nan, ya danne kaset ɗin tsohuwa, bai kuwa ɗagu ba. Allah ya karɓa mana ɗan abin da muka iya.