Mai Zanen da Ya Sa Kifi Ya Haɗiye Ekow Tawia

A bakin kakarta, Nana Mansa, Araba ta fara jin sunan Egya Bentsil, kuma ba da alheri ba. Tun tana 'yar ƙarama tana zama gefen murhun banda a gidansu na Apam, garin masunta a bakin teku, in hayaƙi ya shiga idon Nana Mansa, ko kifi ya ƙone, ko kaza ta ɓarar da gishiri, sai tsohuwar ta ja tsaki ta ce, "Bentsil, kai da Allah." Araba ta daɗe tana zaton sunan wani aljani ne mai ɓata aikin mata. Sai da ta shiga sakandare mahaifiyarta ta gaya mata cewa mutum ne, mai zane, yana nan da ransa a Mankessim, kuma shi kaɗai ya taɓa zana fuskar kakanta Ekow Tawia.

Wannan magana ta tsaya wa Araba a rai. Ita ce a gidan ta san wa ya haifi wa, wa ya auri wa, ita ke goge hotunan da ke jere a bangon ɗakin Nana. Kowa yana bangon nan, har da waɗanda ba a shiri da su, ban da kakanta. Ekow masunci ne, bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, kullum cewa yake sai bayan kakar kifi. Teku ta tafi da shi mahaifiyar Araba tana goye. Abin da Araba ke so bai wuce ta ga fuskarsa sau ɗaya ba.

Bentsil ɗan mai fentin jirage ne. A bakin ruwa ya tashi, yana rubuta sunaye a jikin kwalekwale yana zana musu idanu, daga baya ya koma allon masu aski. Yana cikin haka bidiyo ta shigo gari. Wani ɗan kasuwa, Wofa Kwansa, ya sayo talabijin da janareto, ya jera bencina a tsohon rumbun gishiri, ya buɗe gidan kallo. Kaset daga Accra yake zuwa, tsirara, ba wani hoton da za a kafa a ƙofa. Sai Bentsil ya riƙa ɗinke buhun fulawa biyu, ya shafe su da farin fenti, ya zana fastar fim da hannunsa.

Ƙa'idarsa ita ce sai ya kalli fim kafin ya taɓa buroshi. Da rana suke kallo, shi da Kwansa su kaɗai, da gasasshiyar ayaba da gyaɗa a gabansu. In fim ya yi kyau, ƙarya kaɗan yake ƙarawa. In ya ga ba shi da kan gado, to ranar fenti zai sha wahala: maciji, gatari, wuta, duk abin da ya zo masa.

Wata rana Kwansa ya dawo daga Accra yana huci, da kaset a hammata.

"Bentsil, yau ka ga babban fim. An ce kuɗin da Turawa suka kashe masa zai sayi duk jiragen Apam, har da injinansu da ragarsu."

Suka kalla har ƙarshe. Bentsil ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa.

"Kwansa, an yi maka sakiyar da ba ruwa. Sun ƙona motoci, sun karya gada, sun kashe mutane kamar fara. Duk cikinsu akwai wanda mutuwarsa ta taɓa ka? Ni dai ƙarewar ayabata ce kawai ta dame ni."

"Kai ka san fim ne, ko ka san fenti? To ya zan yi, na riga na ɗauko haya?"

"Je ka kira mini tela."

Washegari gari ya tashi ya ga telan unguwa, da tabaransa da igiyar awo a wuya, yana faɗowa daga jirgin sama a jikin buhun fulawa. Aka taru ana dariya har da riƙe ciki, kuma da yamma rumbun gishiri ya cika maƙil. Kowa ya san ba tela a fim ɗin. Amma da wani Bature mai tabarau ya bayyana, sai ɗakin ya ɗauka, "Ga shi nan! Ga tela!" Da aka harbe shi kuwa, mata har da salati, telan yana zaune a benci na gaba yana cewa a yi masa addu'a.

Daga nan abin ya zama yayi. Mai sayar da dokunu, wato tuwon masara na ƙunshi, ta fito riƙe da bindiga mai jigida. Malamin coci ya fito yana gudu wuta na bin rigarsa, ya yi fushin kwana biyu, ya dawo yana tambaya ko za a iya ƙara masa tsawo. Duk wanda Bentsil bai zana ba ji yake kamar ba a san da shi a gari ba. Shi kuwa cewa yake, masu manyan kuɗin nan sun iya komai, abu ɗaya suke mantawa, su sa mutumin da za ka ji tsoron kada ya mutu, shi ne yake cika musu.

Ekow Tawia abokinsa ne tun suna yara, mutum mai dariyar da ake ji daga bakin ruwa har kasuwa. Kullum yana bakin rumfar Bentsil yana mita.

"Ka sa tela, ka sa malamin coci, har gurgun mai gyaran raga ka sa. Ni na kashe maka wani ne?"

"Fuskarka ce fenti ba ya kamawa."

"Ɗan banza. Gobe da kwandon kifi zan zo."

Ya kuwa zo da shi. A makon nan Kwansa ya kawo wani fim na ƙaton jirgin ruwa, shi ma an ce an zuba masa dukiya, amma rabinsa maza ne cikin fararen kaya suna ta surutu a ɗaki. Ko ƙaramin kifi babu a ciki. Bentsil ya dubi abokinsa ya ce, "Shekara da shekaru kana cin kifi, yau ranarsu ce." Ya zana wani ƙaton kifi mai haƙora kamar adduna, ya sa Ekow a bakinsa har ƙugu, da filafili a hannu, yana ƙyalƙyala dariya.

Ba a taɓa cika irin ta wannan fim ba. Har daga ƙauyuka aka riƙa zuwa. Kowace yamma Ekow yana tsaye gefen fastar, ya wage baki yadda aka zana shi, yara na tsalle. Matarsa Mansa ma ta zo da goyonta ta gani, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Da damina ta kankama, jirginsu Ekow ya fita bai dawo ba. Ko gawa ba a samu ba.

Ba a san wanda ya fara faɗa ba, amma kafin a share makoki magana ta game gari: buroshin Bentsil ne ya kira teku. Waɗanda jiya suke roƙon a zana su suka riƙa zuwa a ɓoye suna roƙon a goge su. Ya bi hotunansu ɗaya bayan ɗaya ya shafe da fenti. Bai ƙara shekara a Apam ba, ya tattara gwangwanayensa ya koma Mankessim yana rubuta allunan masu kitso da masu abinci. Daga baya fastar inji ta shigo, kowa ya sayi talabijin nasa, rumbun gishirin Kwansa ya zama coci.

Da Araba ta gama sakandare, wata ranar kasuwa ta ce za ta kai kifi Mankessim, ta bi tambaya har rumfarsa. Ta tarar da tsoho siriri, gira duk furfura, yana zana tukunyar miya a allo. Kafin ta gama gaisuwa ya ajiye buroshi.

"Tsaya nan. Juya gefe. 'Yata, wa ya ba ki haɓar Ekow?"

Ta faɗi ko ita wace ce, da abin da ya kawo ta. Ta ji an ce Turawa sun zo sun saye tsofaffin fastocin Kwansa, suna rataye su a ƙasarsu kamar kayan tarihi, ko na kakanta yana cikinsu?

Ya girgiza kai. "Wancan bai kai lokacin Turawa ba. Kakarki ce ta cire shi daga ƙofa ta cusa a murhun banda da hannunta. Ban ga laifinta ba. Da ni ne ma haka zan yi."

Idon Araba ya kawo ruwa. Tsohon ya dube ta, ya dubi buroshinsa.

"Kin iya zama wuri ɗaya ba motsi? Kakanki bai iya ba. Nemo buhun fulawa a wajen mai burodin can, ki ce ni na aiko ki."

Ranakun kasuwa da dama ta yi tana zuwa tana zama a kan akwatin fenti. Haɓa da goshi a fuskarta ya ɗauka, sauran daga kansa. Yana aiki yana hira. Ya tambaye ta ko ta taɓa shiga manyan gidajen kallo na Accra, masu sanyi. Ta ce sau ɗaya, da 'yan ajinsu.

"An cika?"

"An cika, Egya. Har layi aka yi."

"Wa kika yi wa kuka?"

Ta yi tunani. "Babu. Amma kunnena ya kwana yana ƙara."

Ya yi dariya har da tari. "Suna nan dai suna ƙona motocinsu. Kada ki raina su fa. Hadarin da suke haɗawa, ni ko shekara zan yi ba zan zana shi ba. Akwai ma guda biyu ko uku da na kalla na manta ayabata ta huce. Irin waɗannan ba na ƙara musu ko ɗigo. Amma ba su ne suka fi kawo wa Kwansa mutane ba, abin da har yau ban gane ba ke nan."

Ranar ƙarshe ya tambaye ta, "A sa kifin, ko a bari?"

Ta ce a bari. Ya ce to. Amma da ya juyo da buhun, ga Ekow Tawia tsaye a kan jirginsa, baki har kunne, kuma a hannunsa na dama yana riƙe da wutsiyar wani ɗan kifi mai haƙora kamar adduna.

"Wannan karon shi ya kama," in ji Bentsil.

A tsakar gida Araba ta warware buhun, Nana Mansa tana juya kifi a kan wayar murhun banda. Tsohuwar ta ɗago, ta tsaya cak. Kifi ya fara ƙauri, ba ta ja tsaki ba, ba ta kira sunan kowa ba. Ta goge hannu a zaninta, ta matso, ta ɗora yatsa a kan haɓar.

"Kunnen ya yi girma," ta ce da ƙyar. "Bentsil bai taɓa iya kunne ba." Can ta ƙara, ba ta dubi jikarta ba, "Ya tsufa?"

"Ya tsufa, Nana."

"Ya ce wani abu?"

Yanzu hoton yana bangon ɗakin Nana, ya fi na kowa girma. Talatar da ta biyo baya, ranar da ba a shiga teku, maƙwabta suka ga Nana Mansa ta ɗaura zaninta na coci, ta ƙunshe kifi banda mafi kyau a kwando, ta hau motar Mankessim tana ta faɗa ita kaɗai. Araba ba ta yi komai ba illa isar da roƙon da tsohon ya yi mata yana naɗe buhun:

"'Yata, abu ɗaya za ki yi mini. Ki ce wa Mansa zaginta yana iso ni, ko ɗaya bai ɓace a hanya ba. Amma na gaji da karɓar saƙo a bakin mutane. In tana da sauran ƙarfi, ta zo ta zage ni da bakinta, kafin kunnen nawa ya daina ji."