Dunƙulen Hannun Malam Matse

Da hantsin Litinin, sha huɗu ga watan jiya, ina tsakiyar gyara kurakuran shafi na uku a ofishin jaridarmu, babbar 'yarka ta kira ni ta ce ka rasu. Na ce wa ya rasu? Ta maimaita. Na tambaye ta a ina, ƙarfe nawa, wa ya gani, sai ka ce labari aka kawo mini in tantance kafin a buga. Ta amsa cikin haƙuri: a ɗakin aikinka, bayan ka sallami mutum na biyu, ka zauna a benci ka ce jiri kake ji. Na Allah ne mu, kuma wurinsa muka nufa. Na faɗi haka, na ajiye waya, sai na ji bakina yana cewa, "To, Laraba fa?"

Wanda bai san ka ba zai ce wannan rashin ta-ido ne. Bari in yi bayani.

Wata bakwai da suka wuce santsi ya kwashe ni a matakalar ofis, ƙafa ɗaya ta yi gabas, ɗaya ta yi yamma. Tsokar cikin cinyata ta yage. Daga asibiti aka ba ni sanda, aka turo ni wurinka, mai gashin ƙashi, a ɗakin nan mai benci biyu da tabarmar roba da matasan kai guda shida. Tun daga ranar a zaune nake salla. Abin da na zo nema wurinka ke nan: in ajiye sanda, in tsaya a sahu kamar kowa.

Na yi karance-karance kafin in zo, na kuma nuna maka hakan. Ka saurare ni har na gama, sannan ka ja ni shagon mahaucin da ke maƙwabtaka da kai, ka sa ya juya cinyar saniya a kan tebur. Da yatsa ka nuna mini. Ka ce a jikin mutum guda biyar ne, sun taso daga ƙashin ƙugu sun gangaro ta cikin cinya. Huɗu sun tsaya a ƙashin cinya, siririya ɗaya ta zarce har ƙasan gwiwa. Su ke jawo ƙafa ciki, su ke riƙe ƙugu duk lokacin da mutum ya ɗaga ƙafa ɗaya zai taka. Ka ce, "Ba wanda yake tuna su sai ranar da suka yi fushi." Mahauci ya ce, "Malam, ko ku saya ko ku matsa, kuna kore mini ƙuda da masu ciniki."

Daga nan muka fara. In kwanta rigingine, matashi tsakanin gwiwoyi, in matse har ka ƙirga goma. Bayan makonni, in kwanta a gefe in ɗaga ƙafar ƙasa. Bayan wata uku, in ware ƙafafu in sauka gefe guda a hankali in taso. "Matse, yallaɓai, matse!" Daga nan sunanka ya fito, har na tabbata rabin masu zuwa ba su san na yanka ba.

Sai dai ba ka da ma'auni sai hannunka. Kowace Laraba kakan cire matashin, ka sa dunƙulen hannunka tsakanin gwiwoyina, ka rufe ido, ka ce in matse. Daga abin da ƙasusuwan yatsunka suka ji kake yanke hukunci: a ƙara, a rage, ko a dakata. Ni kuwa mutum ne da ba ya barin lamba ta wuce ba madogara. Na ce ka rubuta mini kashi nawa cikin ɗari na warke. Ka yi dariya ka ce, "Ɗan jarida, takarda ba ta jin matsa."

Laraba ta ƙarshe ka daɗe da ido a rufe fiye da kullum. Ka ce, "Hmm." Ka dubi sandata a jingine da bango, ka ce, "Ka zo mako mai zuwa da wuri, akwai magana a kan sandar nan." Ban tambaya ba. Shekara ashirin ina koya wa sababbin ma'aikata kada su bar tambaya ta kwana, ni kuma na sa takalmina na tafi.

Wace magana ce? In ajiye ta, ko in ƙara wata uku da ita? A zaman makoki na tambayi Hajiya mai ɗinki, wadda ka yi shekara kana lallaɓa ƙugunta ba ka taɓa ɗaga mata murya ba. Ta ce, "Ai in Malam ya ce hmm, an warke. Ni da ya ce mini, washegari na hau keken ɗinki." Direban babbar motar nan da ke zuwa bayana ya ce, "Haba, Hajiya! Ni da ya ce mini hmm, mayar da ni kan matashi ya yi." 'Yarka ta ɗauko mini littafinka. Sunaye ne kawai da ranaku. A gaban wasu ka ja layi, a gaban wasu ka yi ɗigo. A gaban nawa akwai duka biyun.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wanda ban gaya wa kowa ba sai uwargidana. Ranar jana'izarka na fara biyawa ɗakin aikinka, don can aka taru. Da aka ɗauko ka mutane suka yunƙura, na yunƙura tare da su. Na tsaya a sahu aka yi maka salla. Na sa kafaɗa a makara, na yi taku wajen ashirin kafin wani ya karɓe ni. A bakin kabari na durƙusa na zuba ƙasa, na miƙe. Sai da muka juyo hannuna ya nemi sanda, bai same ta ba. Tana can jingine da bangonka, inda ka dube ta.

Uwargida ta ce, "To ga amsarka, me kake nema kuma?" Ban sani ba. Ko umarninka na bi, ko saɓa maka na yi, ba wanda zai sa hannu tsakanin gwiwoyina ya rufe ido ya gaya mini. Cinyar takan yi tsami da safe. Kowace Laraba nakan dunƙule hannuna in matse, amma hannuna bai san abin da naka ya sani ba. Ban dai koma na ɗauko sandar ba, kuma yau kwana ashirin ina salla a tsaye. Duk raka'ar da na tsaya, ina roƙon a sa maka rabonka a ciki.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata maka makwanci. Yadda ka tsayar da bayinsa a kan ƙafafunsu, Ya tabbatar da dugaduganka ranar da ƙafafu ke zamewa. Ga uwargidanka, da 'yarka da ƙannenta, da 'yan'uwa, da mu da muka rage a benci muna jiran Laraba, Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Amin.