Tabarma a Bayan Mota

A gareji, wani dogon dattijo yana murɗa maɓallin esi, na'urar sanyaya motarsa. An gama gyara, amma iska mai zafi ke fitowa. Yana naushin maɓallin har robar ta fashe, jini na bin yatsunsa. Sai ya ci kwalar bakanike.

"Ka ce ta gyaru!"

"Baba, wayoyin na juya! Sake ni in mayar!"

Wata mata da ke jiran tata motar ta leƙa bayan motar dattijon. An kwantar da kujeru, an shimfiɗa sabuwar tabarma. Ta san wannan shimfiɗar; a kan irinta ta ɗauko ɗanta.

Dattijon ya saki bakaniken.

"Gawar 'yata zan ɗauko. Hanya da nisa, kuma ba ta son zafi."