Ƙafar da Sa Ya Taka

Ban kyauta ba, kuma tun a filin na san ban kyauta ba.

Ƙanena, autanmu, shi ne ɗan tsakiya a ƙungiyar ƙwallon kwando ta Ɗanbatta, mai tsayawa a gindin kwando. Sai ya sunkuya yake shiga ɗakin Inna. In ƙwallo ta shiga hannunsa a wurin nan, magana ta ƙare. Ni kuma ina horar da samarin Makoda, inda aiki ya kai ni.

Ranar da za mu kara da su, wani koci na ƙungiyar ƙwararru ya taso daga Kano don ya ga wasansa. Ƙanen nawa ne ya gaya mini da bakinsa, yana ta murna.

Da fari na yi abin da kowa yake yi wa dogo. Na sa mutum a gabansa ya hana ƙwallo isa gare shi, wani a bayansa yana ture shi nesa da kwando. Sai abokansa suka riƙa cilla masa ta sama, yana cafewa kamar mai tsinkar mangwaro. Aka tafi hutun rabin lokaci suna gabanmu.

Akwai abin da 'yan gida kaɗai suka sani. Yana ƙarami, muna huɗa, sa ya taka masa ƙafar hagu, ni ne riƙe da garma. Ta warke, amma ba ya iya juyi a kanta da sauri. Na tara yarana na ce, "Ku toshe masa ɗaya ɓangaren. Duk juyin da zai yi, ya zama a kan ta hagu."

Haka suka yi. Ƙwallo ta fara kuɓuce masa, daga baya ya soma ɗingishi. Ya waiwayo ya dube ni, na kau da kai. Muka ci wasan. Kocin ya shiga motarsa bai neme shi ba.

Na daɗe ina ƙin zuwa gida. Da kaka na je, na same shi a gona yana cirar gyaɗa.

Ya miƙe yana murmushi. "Yaya, duba ƙafar ka zo yi? Ai ka fi likita saninta."

Na tsuguna a kan kunya, na kasa ɗaga ido. Na ce, "Auta, sirrin gida na kai fili, na tare maka hanya don in ci wasa. Don Allah ka yafe mini."