Ranar da Baffa Ya Sallama

Mahaifina, wanda muke kira Baffa, bai iya magana biyu ba. Ko a kara, wato kasuwar shanu ta Maigatari, da haka aka san shi. Idan aka taya masa sa, kuɗin bai yi masa ba, sai ya kau da kai ya ce albarka, ko sau nawa za a taya. Amma da zarar ya ce "na sallama", ko wani zai zo ya ninka kuɗin ba zai ko dube shi ba. Magana zarar bunu ce, in ji shi, kuma dattijon da ya janye tasa ya zubar da girmansa da hannunsa. Na tashi ina alfahari da wannan hali nasa, ban taɓa kawowa a raina cewa shi zai raba mu da shanunmu ba.

Rugarmu tana ƙasar Sule Tankarkar, ba nisa da iyaka. Daga bakinta akwai burtali, hanyar shanu, da ya ratsa gonaki har ya kai wani tafki inda muke shayarwa. Ina yaro garke biyu kan yi kiciɓis a cikinsa su wuce ba tare da an goga ƙaho ba. Sai ya zama kowace damina mai gonar dama ya ɗan shigo, mai gonar hagu ma ya ɗan shigo. Ba na zagin su. Maƙwabtanmu ne, shanunmu ke zuba musu taki a gona da rani, su kuma su bar mana kara da harawa. 'Ya'ya sun yi musu yawa, gona kuwa ba ta haihuwa.

Ni ne ɗan fari, don haka Baffa bai taɓa kiran sunana ba. Da na zama malamin makaranta a Gumel, ina koyar da darasin gwamnati, sai ya sami mafita, ya riƙa ce mini Malam, rabi girmamawa rabi tsokana.

Wata Asabar na hau babur na je gida, na tarar da shi a gindin aduwa da rediyonsa a cinya, fuskarsa a sake kamar ranar salla. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba.

"Malam, mutanenka sun yi abin kirki. Majalisa ta amince a kare burtali da makiyaya. Yanzu na ji da kunnena."

Na duba waya na ga labarin. Ƙuduri ne aka kawo a majalisar wakilai, ya tsallake karatu na biyu. Har da ɗan bidiyo, na miƙa masa ya kalla. Ya ga kakakin majalisa ya tambayi masu goyon baya, murya ta tashi, ya tambayi masu ƙi, aka ji 'yan tsiraru, sannan ya ɗaga guduma ya buga. Baffa ya miƙo mini wayar, ya shafa fuska da hannu biyu kamar an gama addu'a.

"Shi ke nan," ya ce. "An sallama."

Na ce masa ba a sallama ba. Na zauna na yi masa bayani tiryan-tiryan yadda nake yi wa ɗalibaina. Karatu na biyu yarda ce kawai a ci gaba da magana. Daga nan sai a miƙa wa kwamiti, kwamiti ya kira jama'a ya ji ta bakinsu, a dawo a bi shi sashe-sashe, a yi karatu na uku. In ya wuce nan, akwai majalisar dattawa, ita ma sai ta bi nata matakan. In su biyun sun daidaita, sai a kai wa shugaban ƙasa, ya sa hannu ko ya ƙi.

Ya saurare ni har na gaji, sannan ya tambaye ni ko mutanen nan yara ne. Na ce a'a. Ya ce ko an ɗora musu wuƙa a wuya. Na ce a'a.

"Dattawa sun taru, sun ce e a gaban duniya, babbansu ya buga. To me ya rage, Malam? Karatu ya sa ka zargin mutane."

Ina da saurin fushi, na gaji wannan a wajen Inna, Allah ya jiƙanta. Ranar har murya na ɗaga, abin da ban taɓa yi masa ba. Shi kuwa dariya ya yi, ya ce a kawo mini fura in sha zuciyata ta sauka.

A ƙarshen kakar wannan shekarar ne ƙanen Baffa ya yanke shawarar tashi. Dangin matarsa suna can cikin Damagaram, inda daji yake da sauran fili. Zai tafi da garkensa da samarin gidan, ya kuma zo ya roƙi yayansa a haɗa shanu a tafi tare tun hanya tana buɗe.

"Yaya, ba a zubar da ruwan tulu don ganin hadari," ya ce. "Mu je. In sun gyara burtalin, ai hanya ba ta cinye ƙafa, sai mu dawo."

Baffa ya ce shi ba inda za shi. Kabarin Inna yana nan, kuma manya sun riga sun ɗauki alkawari, alkawari kuwa kaya ne. In ya tashi, ya nuna bai yarda da maganarsu ba ke nan, kuma in masu awon ƙasa na gwamnati suka zo kafa iyaka suka tarar da kufai, wa zai nuna musu inda burtalin na asali ya bi? Na sa baki, ƙanensa ya sa baki, har da hawaye. Suka tafi suka bar shi da shanunsa.

Har rago ya ware ya ɗaure, wai na baƙi ne, ranar da masu awo suka iso za a yanka musu. Duk zuwan da na yi tambayarsa ɗaya ce, ko na ji ranar da za su taso. Ni kuma ina bin labarin a waya, ina faɗa masa gaskiya. An kai kwamiti. An yi zaman jin ra'ayin jama'a a Abuja, babu wanda ya sani a rugarmu sai bayan an tashi. Wasu sun ce maganar ƙasa ta jihohi ce, ba ta tarayya ba. Daga nan sai shiru. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo, aka shiga hayaniyar zaɓe, kowane ɗan majalisa ya koma neman kujerarsa. Ragon baƙi ya yi ta ƙiba a turke.

Da wa'adin majalisar ya cika, na je na same shi na ce masa ƙudurin ya mutu. Haka tsarin yake, abin da ba a gama ba kafin majalisa ta tashi, sai dai sabuwa ta faro shi daga farko, in akwai mai sha'awa.

Ya juyo ya tambaye ni.

"Magana tana mutuwa masu ita suna raye?"

"Tana mutuwa, Baffa."

"Wa ya ce albarka a cikinsu?"

"Babu wanda ya ce. Lokaci ne kawai ya ƙare."

"Da sun ce albarka tun ranar," ya ce a hankali, "da na bi ƙanena."

Wannan magana har gobe tana ci mini rai. Ba ƙin da aka yi ne ya cuce shi ba, don ba a ƙi ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, ni ma ban taɓa jin haushin manoman nan kamar yadda nake jin na waɗanda suka ce e suka shiga mota suka manta ba.

A daminar da ta biyo baya burtalin ya rufe gaba ɗaya, gero ya tsaya a inda muke bi. Shanu suka zama 'yan ɗaure. Baffa, da tsufansa, shi ne yankan ciyawa, shi ne jan ruwa a amalanke. Bin ƙanensa kuma ya wuce, domin shanun sun rame ba za su iya tafiyar ba, shi ma gwiwoyinsa sun ƙi. Aka fara sayar da wasu don a ciyar da wasu. Ragon baƙi shi ya fara tafiya.

Ta ƙarshe ita ce jar saniya mai karyayyen ƙaho. Jikar saniyar da Baffa ya ba Inna sadaki ce, nonon tsatsonta muka sha dukanmu. Ranar Alhamis na nemi izini a makaranta na raka shi Maigatari. Dillalin da muka samu tsohon abokinsa ne, ya kawo wani mai loda shanu zuwa kudu. Mutumin ya taya, Baffa ya ce albarka. Ya ƙara, Baffa ya ce albarka. Aka yi ta yi har mutane suka fara tsayawa kallo, domin kowa ya ga kuɗin ya wuce na ramammiyar tsohuwar saniya. Dillalin ya matso ya rage murya.

"Aboki, ka ji tsoron Allah. Wallahi ya wuce kuɗinta."

Baffa ya matsa kusa da saniyar. Hannunsa yana kan tozonta, yana sosa mata inda take so. Sai ya juyo wajena.

"Malam, in na faɗa, akwai karatu na uku?"

Na so in yi masa ƙarya, bakina ya kasa. Na ce, "Babu, Baffa."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Na sallama."

Da kansa ya kwance igiyarta, don ba a sayar da dabba da igiyarta, ya naɗe a hannu. Bai tsaya ganin lodi ba, kuɗin ma ni dillalin ya damƙa wa. Muna fita daga kara saniyar ta yi kuka sau ɗaya daga bayanmu, na san ya gane muryarta a cikin dubban shanun nan, domin kafaɗarsa ta motsa. Bai waiwaya ba. Ni ne na waiwaya, na kuma yi kuka a bainar jama'a ba kunya.

Yanzu yana wajena a Gumel, a ɗakin zaure. Rediyon yana nan, amma da an ce majalisa ta amince da wani abu sai ya miƙa hannu ya kashe. Ni kuma har yau ina koyar da matakan nan a aji, ɗalibai suna haddacewa suna cin jarrabawa. Kullum da asuba bayan salla yakan ɗauko igiyar daga ƙusa, ya warware ta, ya duba ko gara ta taɓa, ya sake naɗewa ya mayar.